Yadda Inji Ya Mutu Mana a Tsakiyar Binuwai

Tun da na dawo unguwarmu Makera, nan Kaduna, ba a bar ni na huta ba. In na buɗe shago, kafin in kwance janareto ɗaya wani ya leƙo: "Baban Rahila, sannu da arziki, an ce kun kusa nutsewa." A coci ma bayan sujada 'yan zumuntar maza sun tare ni a bakin ƙofa da wannan tambaya. Ba mu kusa nutsewa ba. Wanda ya fara baza maganar kuma na san shi, teburinsa na kallon shagona. To, ga labarin daga tushe, kowa ya ji ya ƙyale ni in yi aikina.

Rahila ita ce 'yarmu ta fari. Ta auri Adi, wani yaro Bajukune da ya yi aiki nan Kakuri, daga baya suka koma ƙauyensu a bakin kogin Binuwai, gaba da Makurɗi, tana koyarwa a firamare. Da labari ya zo tana da ciki, matata Laraba ta daina barci mai kyau. Akwai dalili. Lokacin da ita ta haifi Rahila muna ɗaki ɗaya a unguwar Nasarawa, ni ina aikin masaƙa, uwarta ta riga ta rasu, tawa kuma tana can Zonkwa ba lafiya. Ina wurin aiki abin ya zo mata, ita kaɗai a ɗaki, sai daga baya wata maƙwabciya ta leƙo. Tun daga ranar ta yi wa kanta alkawari, ta kuma maimaita wa Rahila ranar aurenta: duk inda take a duniya, ranar haihuwarta ta fari uwarta na gefenta. Wannan alkawari shi ya ɗaga mu daga Kaduna, tun ana cewa da sauran makonni.

Kayan da Maman Rahila ta haɗa kuwa, sai ka ce ƙaura za mu yi. Buhun acca, citta, kanwa, daddawa, garin kunu, tukunyar dafa ruwan wanka wadda yaro zai iya kwanciya a ciki, da galan na manja. Ita dai sana'arta ke nan a kasuwa, manja da kananzir, amma duk da haka sai da na yi magana.

Na ce, "Maman Rahila, manja za ki kai Binuwai? Daga can fa ake kawo miki shi."

Ta ce, "Nasu ban san hannun da ya taɓa shi ba. Ɗauki tukunya."

Na ɗauki tukunya. A kan cinyata ta yi tafiyar nan, tun daga tasha har Kachiya, Kafanchan, Akwanga, Lafiya, domin direba ya ce bayan mota ya cika. Duk ramin da muka faɗa sai murfin ya buga mini haɓa. Wata mata a bayana tana ta yi mini sannu, tana kuma dariya, ban san wanne zan karɓa ba.

A kan iyakar jihar Nasarawa da Binuwai muka tarar da wasu samari sun gitta katako mai ƙusoshi, suna binciken kayan gona. Ɗayansu ya zo da wani tsinken ƙarfe zai soka wa buhun accan. Maman Rahila ta leƙa ta taga ta ce, "Ɗana, kayan jego ne, kada ka huda mini." Yaron ya tsaya. Ashe matarsa ba ta daɗe da haihuwa ba, kuma nono bai zo mata sosai ba. Shi ke nan, mota cike da mutane muka zauna muna jira, ita tana koya masa yadda ake kunun kanwa, har da kwance ƙulli ta ɗebar masa. Direba na ta danna hon, yaron na cewa, "Oga, yi haƙuri, Mama na magana." Da kansa ya janye katakon, yana ɗaga mana hannu.

A Makurɗi muka sauka gidan Oga Terver, Batibi ne, tsohon abokin aikina a masaƙa kafin a rufe ta. Ya tsufa, ya yi tumbi, amma muryar nan tasa da ke fin ƙarar injuna tana nan. Matarsa ta kawo mana shinkafa da miya, ni kuwa da yunwar hanya na zauna na yi mata cin tsakani da Allah, na wanke hannu, na yi godiya. Terver ya dube ni ya ce, "Yohanna, me kake godewa? Ai ba a kawo abinci ba tukuna." Sai ga sakwara ta shigo, tuli guda, da kaza, aka tura mini ƙundun a gabana don girmamawa. A wurinsu shinkafa abin taɓa baki ne kafin a gama daka. Mu nan in ka ba baƙo shinkafa da nama ai ka fita kunya. Na ci sakwarar nan ina gumi, Maman Rahila na taka mini ƙafa a ƙarƙashin tebur kada in kuskura in ce na ƙoshi.

Da safe muna shan shayi wayata ta yi ƙara. Adi ne. "Baba, abin ya taso tun da asuba. Mun kai ta ɗakin shan magani na nan ƙauye. Hanyar mota ruwa ya cinye, amma Kawu Tsokwa na bakin kogi da jirgi yana jiranku."

Maman Rahila ta ajiye kofinta. Ta ɗaura ɗankwali ta fara fitar da kaya.

Kawu Tsokwa ƙanen mahaifin Adi ne, gajere, baƙi, mai magana a hankali kamar ana sayar masa da kalmomin. Hausarsa ta fi tawa daɗi, abin da ya ɗan ba ni haushi. Jirginsa na katako ne, dogo, da inji maƙale a baya, ga jan tankin mai a ƙasa, siririn tiyo ya taso daga tankin zuwa injin. Ni fa shekara da shekaru ina ƙetare kogin Kaduna, amma ta kan gada. Ban taɓa sa ƙafata a jirgi ba. Don kada a ga tsorona sai na kama duba injin.

Na ce, "Suruki, ai wannan janareto ne aka tsoma wa wutsiya a ruwa. Irinsu nake kwancewa kullum."

Ya ce, "To madalla. Yau da makanike zan yi tafiya."

Muka hau tudu ni da shi don ya sayo baƙin mai na gauraye, ni kuma ya aro mini rigar ruwa, muka bar Maman Rahila tana jera kayanta a jirgi. Da muka dawo ta gama, ta zauna a kan benci hannu a cinya, ido a kan ruwa. Tsokwa ya jiƙa wani tsohon buhu ya lulluɓe tankin saboda rana, ya matsa wani ƙwallon roba da ke tsakiyar tiyon, wanda suke kira famfo, har ya yi tauri, ya ja igiya. Bugu ɗaya inji ya tashi.

Na tambaye shi yaushe za mu isa. Ya ce shi ba ya faɗin lokaci a kan ruwa, sai dai in an isa a gode wa Allah. Na tuna direbobinmu na nan, da za su ce maka "yanzu-yanzu" alhali ko taya ba su ɗaura ba. Wani abin kuma, duk jirgin da muka gitta sai an rage gudu an gaisa, a tambayi gida, a tambayi kifi. Mu nan ɗan acaɓa ya wuce ka bai zage ka ba, ka gode. Har na fara sakin jiki, na saki gefen jirgin da hannu ɗaya.

Mun yi nisa, gari ya ɓace, sai na ji muryar injin ta canja. Ya yi kamar zai ɗauka, ya saki, ya sake ɗauka, ya yi tari, ya yi shiru. Duk wanda ya saba da inji ya san wannan shirun. Bambancin kawai, a shago in inji ya mutu sai ka ja kujera ka zauna. A nan kuwa ruwa ne ya kama mu ya fara mayar da mu inda muka fito.

Tsokwa ya matsa famfo, ya ja igiya, inji ya tashi. Muka ɗan taɓa tafiya, yana ƙara wuta ya sake mutuwa. Ya sake tayarwa, wannan karon ko nisan jifa ba mu yi ba. Sai ya ɗauki filafili ya tuƙa mu zuwa gefe, inda wata bishiya ta sunkuyo cikin ruwa, ya ɗaure jirgin a reshenta.

Maman Rahila ta juyo. "Baban Rahila, mene ne?"

Na ce, "Ƙaramin abu ne. Fulogi ne."

Ban san ko fulogi ne ba, bakina ne ya riga ni. Tsokwa ya buɗe murfin inji, ya miƙo mini sifana. Na kwance fulogin, ina tsoron kada ya suɓuce mini cikin kogi. Na duba bakinsa: a bushe ƙayau, fari-fari. Da wuta ce matsalar da na same shi a jiƙe da mai. Muka gwada shi a jikin inji, ga wuta shuɗiya tas.

Tsokwa ya ce, "Wuta na nan. Yunwa yake ji."

Na ce, "To ruwa ne a man. 'Yan bumburutun nan ba su da tsoron Allah." A Kaduna in janareto ya yi irin wannan tari, kafin ka zargi kowa ka zargi mai mai. Muka kwance ɗan notin da ke ƙasan kafireto, na tara tafin hannuna. Abin da ya ɗigo bai cika cokali ba, kuma fetur ne zalla, ba ɗigon ruwa. Kafireto dai ba kowa a gida. Muka ciro filta, na ɗaga ta a rana, tsaf take. Tsokwa ya bi tiyon da yatsunsa tun daga inji, yana neman inda ya tsage ko ya lanƙwashe, har ya sa na ɗaga buhun acca ko ya danne shi. Babu. Ya zura hannu ƙarƙashin jiƙaƙƙen buhun nan ya taɓa ɗan notin da ke kan murfin tanki, wanda ta nan tanki ke shan iska. Ya ce, "A buɗe yake. Da hannuna na buɗe shi da safe." Ya girgiza tankin da ƙafa, mai na ciki fal.

Ana cikin haka waya ta yi ƙara a jakar Maman Rahila. Sabis ɗin wurin zuwa yake yana tafiya. Abin da muka ji kawai muryar Adi, "Mama, kuna ina? Tana ta kiranki," sai layin ya yanke. Ta riƙe wayar a kunne bayan ya yanke, ta daɗe a haka. Sannan ta fara addu'a ƙasa-ƙasa da yarenmu, abin da ba ta yi sai abu ya kai mata maƙura.

Gaskiya raina ya ɓaci. Na ji haushin injin, na ji haushin kogin, na ji haushin Adi da bai samu mata a ƙauyensu ba sai da ya zo Kakuri. Fiye da duka na ji haushin kaina, mutumin da ke gyara wa rabin Makera wuta, ga matata na kallona, hannuna duk mai, ba abin da na tsinana.

Na ce, "Suruki, mu kwance kafireton nan gaba ɗaya."

Ya ce, "A kan ruwa? In allurar cikinsa ta faɗi, kai za ka shiga ka ɗauko?" Ya tsuguna yana kallon famfon. "Dubi nan, Suruki. Na matsa shi ɗazu, har yanzu bai taso ba."

Na duba. Ƙwallon robar ya lotse, ya manne kamar lemon da aka tsotse. Inji na ja, famfo na ja, amma wani abu a can baya ya riƙe man ya hana shi zuwa. Muka dubi juna, muka dubi tankin. Tsokwa ya yaye buhun. Gefen tankin duka biyu sun shige ciki. Ya kama murfin ya murɗa, sai muka ji tankin ya ja iska, fuuu, ya buɗe jikinsa har da 'yar ƙara.

A ƙarƙashin murfin akwai leda. Baƙar leda, an ninka ta biyu, an shimfiɗa a bakin tankin, an ɗaure murfi a kanta tam, an kuma bi gefen an datse abin da ya leƙo don kada ya yi muni. Notin iskan a buɗe yake, amma ledar ta toshe shi ta ciki.

Ni kuwa ina ganin ninkin nan na gane shi. Duk galan ɗin da ya taɓa fita daga hannun matata, na manja ko na kananzir, haka bakinsa yake. Duk matan layinsu a kasuwa haka suke yi, shi ya sa za ka ɗora galan a bayan mota har Legas ko ɗigo bai zuba ba. Na yi sauri na dunƙule ledar a hannuna. Tsokwa ya ga hannuna, ya ga fuskata, ya kau da kai.

Ya ce, "Yaran nan masu sayar da mai a bakin ruwa, haka suke yi. Zan yi musu magana."

"Ba su ba ne." Maman Rahila ce, daga bencinta. "Ni ce. Da kuka hau tudu na ga mai na tsattsafowa ta kan murfin, ga accan mai jego a kusa. Na ce kada ya yi wari." Ta dube mu. "Ni na tsayar da mu?"

Tsokwa ya mayar da murfi, ya matsa famfo, muka ga ya cika ya yi tauri. Sai da ya kama igiya sannan ya ce, "Mama, shekaruna a kan ruwan nan ban taɓa ganin an rufe tanki da kyau haka ba. Laifinsa ɗaya, shi wannan sai yana numfashi." Ya ja, inji ya tashi, bai sake ko tari ba.

Na koma kusa da ita na zauna, jirgi na tangaɗi, na manta ma ina tsoro. Hawaye na bin fuskarta, ba ta share ba. Na so in ce mata wani abu mai daɗi, abin da ya fito daga bakina shi ne, "Accan dai bai yi wari ba." Ta kai mini duka a cinya, ta bar hannun a wurin har muka isa.

Tun kafin jirgi ya taɓa ƙasa muka ga mata tsaye a bakin ruwa suna murna, Adi a gabansu yana tsalle kamar ba malamar makaranta ya aura ba. An haihu, namiji, uwa da ɗa lafiya. Muna can ƙarƙashin bishiya muna zargin 'yan bumburutu aka haife shi. Na ce, "Mun gode wa Ubangiji," kuma har zuciyata na faɗa. Maman Rahila ma ta faɗa, amma da ta sauka sai ta tsaya a cikin taɓo, ta kasa gaba. Na san abin da ke ranta. Ta yi tafiyar nan duka, kuma ba ta cika alkawari ba.

Wata dattijuwa doguwa ta ratso matan ta zo ta kama hannunta. Mahaifiyar Adi ce, sau ɗaya muka taɓa haɗuwa, ranar biki. Ta ce, "'Yar'uwa, sannu da hanya. Zo, aikinki na jiranki." Ta ja ta har ɗakin shan maganin, ni ina biye da tukunya.

Rahila na kwance, ta yi fayau, tana ganin uwarta ta fashe da kuka. Jaririn na gefenta a naɗe cikin zane, an goge shi kawai. Dattijuwar ta ce, "Mata sun so su yi masa wanka, na hana. Na ce wankan fari na kakarsa ta Kaduna ne, ko yaushe ta iso. Ruwa na kan wuta."

Rahila ta riƙe wuyan uwarta ta ce, "Mama, da abin ya yi tsanani ina ta kiran Mama, Mama. Ita kuma tana riƙe da ni tana cewa, ga ni, 'yata, ga ni."

Dattijuwar ta ɗan sunkuyar da kai. "Ki yi haƙuri, na amsa miki ne kafin ki zo."

Daga nan aka kore ni waje, don abin da ya rage ba na maza ba ne. Na zauna da Tsokwa a gindin mangwaro, aka kawo mana kifi gasasshe wanda ban taɓa cin irinsa ba. Ina jin kukan jikana daga ciki, da muryar matata tana ba da umarni a kawo mata wannan, a kawo mata wancan, kamar a gidanta. Maganar leda kuwa Tsokwa bai faɗa wa kowa a ƙauyen ba. Ni ma sai da na nemi izinin Maman Rahila kafin in ba ku, ta ce in faɗa, ko wata za ta kiyaye.

Na yi 'yan kwanaki na ce zan dawo, shago ba ya buɗe kansa. Ita ta zauna, sai ta gama wankan jego. Ta rako ni bakin ruwa, tana ta jero mini inda ta ajiye gishiri da wanda zan ba ajiyar teburinta a kasuwa. Na dube ta na ce, "Maman Rahila, har yanzu abin na damunki?"

Ta kalli Tsokwa yana matsa famfo. Sannan ta ce, "Da farko ya dame ni. Ina ta cewa sai ni, sai ni. Ashe ba wannan nake tsoro ba." Ta gyara ɗaurin zanenta. "Ni ranar da na kira, ba wanda ya amsa. Ita ta kira, an amsa mata. Je ka, jirgi na jiranka."